Ɗana, Kafin Ka Shiga Daji Da Jif Mai Dizal

 Na san abin da ake faɗa a majalisar samari duk lokacin da babbar jif ta wuce tana gurnani: wai mai dizal ba ta mutuwa, ba ta shan mai, kuma babu inda ba ta shiga. Akwai gaskiya a cikin maganar, sai dai gaskiya ce mai sharaɗi, dillalan mota kuwa ba kasafai suke kai mai saye wajen sharaɗin ba. Shi nake so in ajiye maka tun kafin ka ƙirga kuɗinka ka miƙa. Kada ka ɗauki injin da ba za ka iya sauke haƙƙinsa ba. Ka auna shi da hanyar da kake bi, da man da ake sayarwa a garinku, da bakaniken da za ka iya kaiwa gare shi ranar da mota ta tsaya. In ka kiyaye wannan, za ta yi maka hidima har ka gaji da ita. In ka yi biris da shi, za ta cinye dukiyarka, in a daji ne ma tana iya taɓa ranka da na waɗanda ka ɗauko.

Fara da sanin abin da za ka saya. Injin fetur yana gauraya mai da iska, sannan fulogi ya ƙyasta masu wuta. Injin dizal ba ya buƙatar wannan ƙyastawar. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin 16 zuwa 22 na girmanta, kusan ninki biyu na matsin injin fetur ke nan. Ka taɓa riƙe famfon keke bayan an daɗe ana bugawa, ka ji ya ɗau zafi? To, haka iskar take yi a cikin silinda, sai dai ita zafinta yakan haura digiri 500. A daidai wannan gaɓar nozul yake fesa mai siriri, man ya kama da kansa, ya tunkuɗa fistin ƙasa. Wannan dabara ce Bajamushen nan Rudolf Diesel ya yi wa rajista a 1893, kuma injinsa ya fara aiki sosai a birnin Augsburg a 1897. A baje kolin birnin Faris na 1900 har an nuna wani irinsa yana tafiya da man gyaɗa.

Daga wannan matsin ne alherin injin da wahalarsa duka suka fito. Don ya jure shi, dole aka yi masa ƙarfe mai kauri, shi ya sa yake da nauyi, yake daɗewa, gyaransa kuma yake da tsada. Matsin ne kuma ya ba shi ƙarfin murɗa taya tun yana juyawa a hankali. Ɗauki injin 1HZ da Toyota ta fitar a 1990, mai silinda 6 da faɗin lita 4.2. Ƙarfin dokinsa bai wuce 130 ba, abin da ƙaramar motar gida mai fetur ma tana da shi. Amma shi yana kai maƙurar ƙarfin jansa tun yana juyi kusan 2,200 a minti ɗaya, inda injin fetur da yawa sai sun ninka wannan kafin su ba da nasu. A cikin laka ko kan duwatsu, abin da kake nema shi ne tayar da za ta juya sannu da ƙarfi, ba tare da ta yi ta zamewa a wuri ɗaya ba, kuma ba tare da ka ƙona kuloci ba. Nan ne mai dizal take nuna asalinta.

Ƙari a kan haka, litar dizal ta fi litar fetur ƙunsar ƙarfi da sama da kashi 10 cikin 100, injin kuma ya fi iya cin moriyar abin da aka ba shi. Saboda haka tanki ɗaya yakan kai ka nesa da inda na fetur zai kai ka, wannan kuwa babban abu ne a ƙasar da gidan mai yake nisa da ɗan'uwansa. Dizal ba ya saurin kamawa da wuta kamar fetur, don haka ɗaukarsa a jarka cikin zafin rana ya fi kwanciyar hankali. Waɗannan dalilan ne suka sa Land Rover, wadda ta fito a 1948, ta sami injin dizal tun 1957. Su ne kuma suka sa har gobe hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji suke kai magani da abinci ƙauyukan Afirka da Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984.

To, ɗana, ka buɗe kunne a nan, domin a nan mafi yawan masu saye suke faɗawa rami. Injin dizal iri biyu ne a kasuwa. Akwai na da, irin su 1HZ da TD42 na Nissan Patrol, waɗanda famfon ƙarfe yake raba masu mai, babu kwamfuta a ciki. Ba su da gudu, suna da ƙara, amma bakanike mai sifana da basira zai iya tayar da su a gindin bishiya. Akwai kuma na zamani, masu bututu guda da ke tara mai cikin matsanancin matsi, kwamfuta tana buɗe nozul tana rufewa sau da yawa kafin ƙiftawar ido. Irin wannan tsarin ya shiga ƙananan motoci a 1997. Matsin da ke cikin bututun yakan kai ninki 2,000 na nauyin iskar da ke kanmu, ƙofofin nozul ɗin kuma sirantarsu ta kusa ta gashin kai. Suna da ƙarfi da gudu da tsabta. Da injin dizal na zamani ne motar Volkswagen ta lashe tseren Dakar a 2009, karo na farko da mai dizal ta yi haka a rukunin ƙananan motoci. Sai dai ƙwayar yashi ɗaya ko ɗigon ruwa kaɗan a cikin mai sun isa su lalata nozul ɗin da kuɗinsa zai girgiza aljihunka, kuma ba a gane ciwonsu sai da na'ura.

Saboda haka ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: ina zan riƙa zuwa da motar nan? In rayuwarka daga gida zuwa ofis ce, daga ofis zuwa kasuwa, a cikin cunkoson Kano ko Kaduna ko Yamai, to ba ka buƙatar mai dizal ta zamani, musamman wadda aka yi amfani da ita a Turai aka kawo. Tun wajajen 2009 dokar Turai ta sa aka riƙa sanya wa irin waɗannan motoci wani mataci a cikin salansa mai kama baƙin hayaƙi. Matacin ba ya wanke kansa sai mota ta yi doguwar tafiya ya ɗau zafin da ya kai kusan digiri 600. Gajerun tafiye-tafiyen gari toshe shi suke yi. Na baya-bayan nan ma har da wani ruwa suke sha mai suna AdBlue, in ya ƙare wasu ba za su tashi ba. Ka kuma yi lissafin farashi da alƙalami. A Najeriya an daɗe da sakin farashin dizal, alhali fetur ya ci gaba da samun tallafi har zuwa watan Mayun 2023, don haka ƙarancin shan mai ba kullum yake nufin ƙarancin kashe kuɗi ba. Amma in sana'arka gona ce mai nisa, ko fataucin ƙauyuka, ko aikin da ke kai ka tudun rairayin Yusufari, ko baƙar lakar Dikwa da Gamboru da damina, ko hawan Mambila zuwa Gembu, to mai dizal ta dace da kai. Ga mai hawan tudu ma, mai tobo ta fi, domin injin da ba shi da ita yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000 da ka yi sama.

In ka yanke shawarar saye, kada kyan fenti ya ruɗe ka, araha ba ta ado. Ka je da bakaniken da ka yarda da shi, wanda ba shi da kaso a cinikin. Ka nemi a tayar da motar a gabanka da sassafe tana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye cutarsa. Ka tsaya a bayanta ka karanta hayaƙin. Baƙi yana nuna mai ya fi iska yawa, ko dai filtar iska ta toshe ko nozul ya gaji. Shuɗi yana nuna injin yana cin man juye. Fari da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi yana nuna man ba ya ƙonewa da kyau, ko ruwa na shiga silinda. Ka sa a buɗe murfin man juye injin na aiki, in hayaƙi na tasowa da ƙarfi, zoben fistin ya ci. Sannan ka sa giyar taimako da hannunka, babba da ƙarama, ka tabbata tana shiga tana fita.

Haƙƙin farko da motar take da shi a kanka shi ne mai mai tsabta. Dizal shi ne abincin injin, shi ne kuma yake sa wa famfo da nozul santsi. Wanda ya gauraya shi da kananzir don ƙarin riba ya rage wannan santsin, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Ka zaɓi gidan mai guda mai yawan ciniki ka riƙe shi. In tafiya ta tilasta maka sayen na 'yan bumburutu, ka zuba kaɗan a kwalba mai haske ka ɗan jira, in akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, kuma ka tace da kyalle mai tsabta. Ka sani kuma ba kowane dizal da ya shigo ƙasashenmu ne daidai da wanda aka ƙera motocin zamani dominsa ba. Tun 2009 Turai ta taƙaita sinadarin farar wuta a cikin dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan, yayin da Najeriya ta daɗe tana karɓar mai kashi 3,000. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa yadda ake jibgo wa Afirka ta Yamma irin wannan gurɓataccen mai, kuma a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa kashi 50. Farar wuta mai yawa tana saurin ɓata man juye, tana kashe matacin salansa. Don haka ka riƙa canza filtar mai a kan kari, ka riƙa zubar da ruwan da ya taru a ƙasanta, kuma ka yi tafiya da sabuwa guda a ajiye. Kada ka bar tanki ya ƙafe, domin iska za ta shiga bututu, motar ta ƙi tashi sai an fitar da ita. In kuwa mai zuba mai ya yi kuskure ya sa maka fetur, kada ka murɗa makulli ko sau ɗaya, a tura ta gefe a juye tankin.

Haƙƙi na biyu iska ce. Injin dizal yana zuƙar iska mai yawa, ƙurar hunturu kuma in ta sami hanya ta shiga, niƙe silinda take yi a hankali ba tare da ka ji ba. Ka duba filtar iska bayan kowace tafiyar turɓaya, in ta huje ko da kaɗan ka jefar da ita. Na uku man juye. Ka sayi wanda aka yi wa injin dizal, ka kuma yi juye da wuri. A irin zafinmu da ƙurarmu, kilomita 5,000 ta isa ga tsofaffin injina. In injinka mai belin taimin ne, ka canza shi a adadin da kamfani ya ƙayyade ko da kana ganin lafiyarsa ƙalau, domin ranar da ya tsinke fistin da bawul haɗuwa suke yi. Na huɗu haƙuri ne. Da safe ka jira fitilar hita ta mutu kafin ka tayar, ka ba injin ɗan lokaci mai ya zagaya. Bayan doguwar tafiya ko hawan tudu, ka bar shi yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don tobo ta huce da mai a jikinta. Kada ka yarda a fesa fetur a bakin iska don a tayar da shi da ƙarfi. Kada ka buɗe lagireto yana tafasa. Kuma ko da wasa kada ka sa hannu kana laluben inda bututun mai yake yoyo injin na aiki, domin man da ke cikin irin wannan matsin yana huda fata ya shiga tsoka.

Idan ka bar kwalta, ka ajiye garaje a bakinta. Sannu ba ta hana zuwa. A rairayi ka rage iskar taya zuwa kusan rabi don ta shimfiɗu, ka riƙe totur daidai wa daida, ka guji birki na farat ɗaya, kuma ka tafi da famfon da za ka mayar da iskar in ka fito. A laka, da zarar ka ji taya tana juyawa mota ba ta gaba, ka ɗaga ƙafarka, domin ƙarin wuta ƙara binne ka zai yi. A gangaren dutse ka sa ƙaramar giyar taimako ka bar injin ya riƙe motar, kada ka saki giya kana dogara da birki kaɗai. Ruwa kuwa shi ne babban abokin gabar wannan injin. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, saboda haka in kofi guda ya shiga silinda, sandar fistin lanƙwashewa take yi nan take. Ko manyan Land Cruiser, zurfin da kamfani ya yarda su shiga bai wuce kimanin santimita 70 ba. Ka sauka ka auna da sanda, ka tambayi mutanen wurin, su suka san kogin garinsu. In ruwan na gudu da ƙarfi ka zauna ka jira ya janye. In kuwa mota ta mutu a tsakiyar ruwa, kada ka sake tayar da ita, a jawo ta waje tukuna.

Hamada tana da nata hukuncin, kuma ba ta sassauta wa kowa. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, mafi yawansu mata da yara, a arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Allah Ya jiƙan su. Ka riƙe wannan a zuciyarka duk ranar da za ka ce ƙaramin yoyon lagireto zai iya jira. Kada ka shiga sahara da mota ɗaya. Ka ɗauki jagoran da ya san rijiyoyi, ka ɗebi ruwan sha fiye da lissafinka, ka sanar da wani hanyar da za ka bi da ranar da ya kamata a ji daga gare ka. In mota ta lalace, ku zauna a inuwarta, domin mai nema ya fi saurin hango mota a kan hango mutum.

Saura haƙƙin mutane, shi ne kuma mafi nauyi. A 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa hayaƙin dizal yana haddasa kansar huhu. Baƙin hayaƙin da wasu ke alfahari da shi, mai tallan ƙosai a bakin titi da yaron da ke goye a bayan uwarsa su suke shaƙarsa. A 2015 duniya ta ga yadda aka kama kamfanin Volkswagen ya sanya wa motoci kusan miliyan 11 dabarar yaudarar gwajin hayaƙi, ya kuma biya tarar biliyoyin daloli. Kai ma kada ka yi irin wannan ha'incin a ƙaramin matakinka, ka sa a fasa matacin salansa don ka huta da gyara. In ba za ka iya kula da shi ba, tun farko kada ka sayi mai shi. Kada kuma ka bar injin yana aiki a rufaffen gareji, ko a ƙofar asibiti da makaranta.

Motar da ke iya bin ko'ina tana saurin sa wa mai ita girman kai. A hamadar Tenere an yi wata bishiya guda tilo da ayarin gishiri suka daɗe suna gane hanya da ita, babu wata a kusa da ita. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, yanzu gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. Duk faɗin sahara bai ishe shi ya kauce ba. Kai kada ka ratsa gonar talaka don taƙaita hanya, shukar nan ita ce abincin iyalinsa na shekara. Ka rage gudu in ka shigo ƙauye, kada ka bar mutane cikin ƙura. Ka tsaya garke ya ƙetare. Kada ka zubar da tsohon man juye kusa da rijiya ko fadama. Ka ajiye igiyar ja mai ƙarfi a motarka, ranar da ka tarar da motar haya ta maƙale da fasinjoji, ko aka ce ga mace na naƙuda kuma hanya ta yanke, ka tsaya ka taimaka, kada ka tambayi ko nawa za a ba ka. Za a tambaye ka yadda ka yi da ƙarfin da aka damƙa maka, ɗana, don haka ka shirya amsarka tun yanzu. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya, Ya sa abin hawanka ya zama sanadin alheri gare ka da jama'a.